Lasin Lukuman a Aljihun Abdulgani

Duk wanda ya hau kabu-kabu tsakanin Gwandu da Kalgo a shekarun da suka biyo bayan yunwar tamanin da huɗu, in ka ce masa Abdulgani, sai ya yi jim ya girgiza kai. Amma ka ce masa Lukuman mai amawali, nan take zai gyara zama ya ba ka labari: mutumin da bai taɓa kayar da fasinja ba, wanda in ya ɗauko mai ciki ya iso wurin yashi yakan sauka ya tura babur ita tana bisa. To, mutum ɗaya ne. Abdulgani shi ne sunan da ubansa ya raɗa masa. Lukuman kuwa sunan da ke rubuce a lasin da ke aljihunsa.

Ba'are ne daga wani ƙauye can bayan Dogon Dutsi, a ƙasar Nijar. Yana da tsagar gidansu, ɗaya a kowane kunci, daga gefen baki har kusa da kunne. Da damina ta ƙi a wajensu ya taho Gwandu a ƙasa, ya sauka a zauren Alhaji Mamman mai albasa, domin nan mutanen ƙasarsu ke sauka tun da can. Alhaji ya sa shi ban ruwa a lambu. Da aka tashi korar baƙi a shekarar da ta biyo, Alhajin ne ya tura shi gonarsa ta Masama, ya zauna cikin bukka har abin ya lafa.

Alhaji Mamman bai taɓa yi masa gori a kan wannan ba. Ba ya bukata. Sai dai duk baƙon da ya zo zaure sai ya ba shi labarin, yana dariya, yana dafa kafaɗar Abdulgani. "Wanga Ba'aren da kuke gani, ɗana ne. Cikin karan dawa na ɓoye shi." Shi kuma Abdulgani sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi saka, Baba." Ya faɗi haka sau da yawa har bakinsa ya iya faɗa ba tare da zuciyarsa ta sani ba.

Alhaji yana da ɗa namiji, Lukuman, wanda ya saya wa ƙaramin babur Yamaha ya kuma yi masa lasin. Yaron bai daɗe yana hawa ba ya gudu Legas, kuma labarin da ke zuwa daga can ba irin wanda ake maimaitawa a zaure ba ne. Babur ya zauna a lungu an rufe shi da buhunan albasa. Abdulgani ya daɗe yana kallonsa. A gida ya saba da mobilet, ƙaramin babur mai feda, wanda a iya saninsa ba wanda ke tambayar mai shi takarda. Ranar nan ya yi ƙarfin hali ya roƙi Alhaji ya ba shi haya, ya riƙa kawo balas kowace yamma. Alhaji ya yarda.

Fitarsa ta farko kan kwalta, kafin ya kai Jega masu shingen hanya suka tare shi. Suka ce lasin. Ya yi murmushi, ya nuna musu babur, ya ce ai ƙarami ne, wannan ba ya son takarda. Suka yi ta dariya har ɗaya ya riƙe ciki. Suka sace masa iskar taya, suka ce ya tura shi zuwa ƙasar da ba a son takarda.

Da ya iso gida jiƙe da gumi, Alhaji ya saurare shi, ya shiga ciki, ya fito da lasin Lukuman da wani tsohon rawani fari.

Abdulgani ya duba hoton. Yaro ne mai sumul ɗin fuska. Ya ce, "Baba, wanga ba ni ba ne."

"Wa ya ce kai ne? Ido biyu gare shi, ido biyu gare ka. Tsagar nan taka ita kaɗai ke da surutu. Naɗa wanga, ka ja amawali ka rufe mata baki."

"In suka ce in buɗe fa?"

"A ƙasar Gwandu? A ce wa mai rawani ya buɗe fuska?" Alhaji ya yi tsaki. "Ko ɗan shinge yana da uba a gida. Tahi ka nemi abincinka. Na ɗan lokaci ne. In abubuwa suka daidaita, ni da kaina zan tsaya maka a yi naka."

Ba wai an hana baƙo lasin ba ne. Abdulgani ya bincika, aka gaya masa hanya. Sai wani magidanci ɗan ƙasa ya tsaya gaban mai gari ya ce wannan mutum a hannuna yake zaune, na san shi, ni ke da alhakinsa. Da wannan shaidar ake zuwa ofis, a ɗauki hotonka, a gwada tuƙinka, a rubuta sunanka. Maganar duka ba ta wuce tsawon gaisuwa ba. Abin da Abdulgani ke so a duniya ke nan: ɗan kwali mai fuskarsa, da tsagarsa, da sunansa a ƙasa.

Dabarar Alhaji ta yi aiki fiye da yadda shi kansa ya zata. Masu shinge suna ganin farin rawani sai su sassauta murya. Tun suna karɓar lasin su duba, har suka daina. Akwai wani a shingen shiga Kalgo, Adamu Dogo, wanda tun daga nesa yake ɗaga hannu. "Malam Lukuman! Ya hanya? Ya Alhaji?" Abdulgani kan rage gudu ya miƙa masa ƙullin albasa ko rake, ya wuce. A cikin Gwandu kowa ya san Ba'aren gidan Alhaji Mamman ne, ba mai cewa komai. Amma daga Malisa zuwa ƙauyukan Kalgo, Lukuman aka sani. In aka kira, yakan waiga.

A wannan zirga-zirgar ya ga Indo, 'yar Malam Sule, wani manomin shinkafa a Diggi wanda ke taɓa kamun kifi in ruwa ya ja. Bai ɓoye musu komai ba. A zauren Malam Sule ya sauke amawali ya faɗi ƙauyensu da sunan ubansa. Aka ɗaura aure, limami ya ambaci Abdulgani a gaban jama'a, kuma bayan wannan rana ya daɗe bai sake jin sunan a bakin kowa ba. Indo ba ta kiran sunan miji, Malam take cewa. Surukinsa ma, don kunya, Malam. Alhaji ya ce Ba'are, ko ɗana in akwai baƙi. Hanya ta ce Lukuman. Da aka haifi Laraba ta fara magana, ta ce Baba. Wani lokaci in yana tafe shi kaɗai a daji, yakan faɗi sunan a cikin amawali, ƙarar inji ta haɗiye.

Malam Sule mutum ne mara yawan magana, amma yana gani. Wata rana bayan sun ci tuwo ya ce, "Malam, wanga rawani ya ishe ka. Mai garin Diggi abokin wasana ne. Gobe mu tahi in tsaya maka. Mijin ɗiyata kake, wa zai ce ban san ka ba?"

Abdulgani ya buɗe baki zai ce to, sai ya tuna bukkar Masama. A wajensu, baƙo ba ya tashi daga tabarmar mai masaukinsa ya koma ta wani, sai in an kore shi. In wani ya tsaya maka alhali maigidanka na raye, ka gaya wa duniya ke nan cewa maigidanka bai isa ba. Kuma duk Ba'aren da zai sauka zauren nan bayansa, da wannan za a tarye shi.

Ya ce, "Baba, na gode. Amma Alhaji ya yi alkawari. In na tsallake shi, mi zan ce masa?"

"Ka ce masa ka gaji da jira."

"Ba a yi haka ba, Baba."

Malam Sule ya ce, "Awo. Ba a yi ba." Bai sake tayar da maganar ba.

Indo ce ta tayar, a hanyarsu ta komawa, tana bayan babur da goyo. "Malam, alkawarin nan na Alhaji ya girmi Laraba. Ya kusa isa aure."

"Ke dai riƙe yarinya da kyau."

"Na riƙe. Kai ne ban ga abin da ka riƙe ba."

Kowace shekara akwai dalili. Sai an cire albasa. Sai Alhaji ya dawo daga Makka. Mai unguwa ba shi da lafiya. Abdulgani ya ɗauka tsoro Alhaji ke yi, kada in ya sami lasin kansa ya sayi nasa babur ya koma kusa da surukansa, balas ya tsaya. Har ya taɓa rantse masa cewa ko da lasin ba zai bar gidan ba. Alhaji ya yi dariya ya ce shi bai taɓa tunanin haka ba. Gaskiya ya faɗa, kuma sai daga baya Abdulgani ya gane.

Yana wanke babur a ƙofar gida wata yamma, amawali a sauke, sai wani falke daga Kalgo ya zo cinikin albasa. Ya wuce shi ko kallo bai yi ba, ya shiga zaure. Bayan gaisuwa Abdulgani ya ji yana cewa, "Alhaji, ashe kai ne uban Lukuman mai amawali? Kai, Allah ya ba ka ɗa. Tsohuwata ya ɗauko daga bakin gulbi ranar da ƙafarta ta kumbura, har ɗaki ya kai ta. Mutanenmu ba su hawan kowa in yana nan."

Abdulgani ya tsaya da tsumma a hannu, yana jiran Alhaji ya gyara. Ya san muryar Alhaji in yana ciniki, da in yana faɗa, da in yana ba da labarin karan dawa. Wannan da ta fito ba ya cikinsu. Tattausa ce, har tana ɗan rawa.

"Tarbiyya ce," in ji Alhaji. "Tun yana ƙarami haka yake."

A nan Abdulgani ya gane abin da yake biya a gidan, kuma ba balas ba ne. Alhaji yana da ɗa wanda ba a son jin labarinsa, ga shi ya sami hanyar da kullum ake kawo masa labarin ɗan nan mai daɗi har zaure. Ba mugunta ya shirya ba. Abin ya zo masa ne, ya ji daɗinsa, ya kasa saki. Abdulgani ya ƙarasa wankin babur. Da magariba ya kai balas ya ce, "Allah shi saka, Baba."

Ya yi niyyar komawa wurin Malam Sule. Ya yi ta juya yadda zai faɗa ba tare da ya zama mai cin amana ba, yana ɗagawa daga wannan ziyara ta Diggi zuwa ta gaba. Bai gama juyawa ba zazzaɓi ya kwantar da tsohon a farkon damina, kafin shinkafa ta nuna an rufe shi. A wurin zaman makoki mai garin Diggi ya yi wa Abdulgani gaisuwa da hannu biyu, ya ce Allah shi ba da haƙuri, Malam Lukuman.

Da aka ba Kabi jiharta, ofisoshi suka matso kusa. Da can Alhaji kan ba wani mutum lasin ɗin ya kai a sabunta ba tare da an ga mai shi ba. Yanzu aka ce kowa sai ya je da fuskarsa a ɗauki sabon hoto. Abdulgani ya ji kamar an sauke masa kaya. Lukuman yana Legas, lasin zai mutu, ba sauran dalili. Ya sami Alhaji ya durƙusa.

"Baba, lokaci ya yi."

"Ya yi, ɗana. Bar mini wanga. Bayan Sallah za ka ga abin da zan yi maka."

Har Indo ta yarda a wannan karon. Ta wanke masa babbar rigarsa ta ajiye don ranar hoto.

Ana saura kwana kaɗan Sallah sai ga Lukuman na gaskiya, wanda Alhaji ya aika aka taho da shi. Ramamme, jajayen idanu, yana magana yana haɗawa da Turanci. Ya ga babur ya harbi tayar da ƙafa ya ce, "Wannan akwalar tana nan?" Bayan Sallah uban ya sa shi a mota suka tafi Birnin Kabi. Ba a jima ba ya koma inda ya fito.

Ranar da abin ya fito, Alhaji ya sa aka kira Abdulgani zaure, ga dattawan unguwa zaune. Ya zaro sabon lasin yana ƙyalli ya ɗaga kowa ya gani.

"Kun gani? Tun daga Legas na sa aka zo saboda wanga Ba'are. Kada a ce sana'arsa ta tsaya ina raye. Karɓi, ɗana."

Dattawa suka ɗauki sa albarka. Wani ya ce ko uban da ya haife shi sai haka. Abdulgani ya karɓa da hannu biyu. Fuskar da ke ciki ta tsufa, ta rame, amma sumul take ba tsaga. Kowa na jiransa. Ya ce, "Allah shi saka, Baba."

Washegari da safe ya fito da babur, hula kawai a kansa. Indo ta biyo shi da rawanin a hannu.

"Malam, ka manta."

"Ban manta ba."

"To ina za ka haka tsirara?"

"Kalgo. Yau sai wani ya tambaye ni ko ni wane ne."

Iska ta bugi kuncinsa, ya ji tsagar tana sanyi kamar yau aka yi ta. Bai ɗauki kowa ba. A shingen Kalgo Adamu Dogo ya hango babur ya ɗaga hannu, bakinsa ya buɗe zai yi kiran da ya saba, sai hannun ya tsaya a sama. Ya shiga tsakiyar hanya.

"Tsaya! Kai, ina ka samo babur ɗin Malam Lukuman?"

"Ni ne ke wucewa nan kullum, Oga Adamu. Shekaranjiya na kawo maka rake. Ka ce ɗiyarka na tari."

Adamu ya dube shi. Abdulgani ya ga lokacin da mutumin ya gane muryar, ya kuma ga lokacin da ya yanke shawarar bai gane ba. Akwai sabon babba a shingen yana zaune ƙarƙashin bishiya yana kallo. In wannan mai tsagar shi ne Lukuman, to shekara da shekaru Adamu yana ɗaga wa baƙo mara lasin hannu yana cin albasarsa.

"Ban san ka ba. Lukuman malami ne, mai rawani. Sauka!"

"To tambaye ni sunana."

"Ɓarawo ma suna gare shi? Zauna can!"

Aka zaunar da shi a ƙasa gefen kwalta. 'Yan kabu-kabu suka taru. Wasu sun gane shi, suka kau da kai, don ba mai son shiga maganar baƙo da takarda. Wasu da gaske suke tambaya ko an kashe Lukuman ne a daji. Wata tsohuwa mai tallan ƙuli-ƙuli ta tofa masa yawu ta ce Allah ya isar wa yaron kirki. Ya ce a aika Gwandu a kira Alhaji Mamman. A ransa har ya ɗan ji sanyi. Yau dai dole Alhaji ya tsaya gaban hukuma ya faɗi ko shi wane ne.

Sai bayan la'asar Alhaji ya iso a motar albasa. Babban shingen ya tashi ya gaishe shi, aka kawo masa benci. Adamu ya yi bayani yana nuna Abdulgani da sanda.

Alhaji ya yi dariyar nan tasa. "Haba, ba ɓarawo ba ne. Yaron gidana ne. Lukuman ba ya jin daɗi yau, shi ya aiko shi. Ku yi haƙuri, baƙauye ne, bai san doka ba."

"Allah shi ba Malam Lukuman lafiya," in ji Adamu da sauri.

Babban ya zaro biro. "To Alhaji, tunda kai ka tsaya masa. Ya sunansa?"

Alhaji ya buɗe baki. Ya dubi Abdulgani, ya dubi tsagar, ya shafa gemu. Ba wasa yake ba, ba kuma ɓoyewa yake ba. Abdulgani ya ga idanun tsohon suna lalube.

"Kai, Ba'are," in ji Alhaji, "gaya musu mana."

Abdulgani ya ɗaga kai. Kafin ya furta, babban ya mayar da biro aljihu.

"Bar shi, Alhaji, ba sai an rubuta ba. Ai mun san gidan. A dai gaya wa Lukuman ya daina ba kowa babur."

A bakin mota Alhaji ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da rawanin. Indo ce ta ba shi da zai taho. Ya miƙa masa ba tare da faɗa ba, har da ɗan tausayi. "Ka ga irin abin da nake gudar maka? Naɗa mu tahi gida."

Abdulgani ya ci gaba da kabu-kabu har ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da gwiwa ta hana shi ya koma lambu. Amma ranar, a gefen kwaltar Kalgo, ya tsaya ya naɗa rawanin a gaban kowa, a hankali, ya ja amawali ya rufe kunci. Ya tayar da babur. Da ya zo daidai shinge, Adamu Dogo ya ɗage sanda, yana kallon wani wuri.